Tarihin "Wasan Sabulu": Wasan Kwaikwayon Rana Mai Dogon Zango a Talabijin na Amurka

1.0 Gabatarwa

A ranar 18 ga Satumba, 2009, gidan talabijin na CBS da ke Amurka ya nuna kashi na ƙarshe na wani wasan kwaikwayo mai suna Guiding Light. An fara watsa wannan wasa ne a rediyo ranar 25 ga Janairu, 1937, watau ya shekara 72 ke nan ana bin labarinsa kwana biyar a kowane mako. Matar da ta ƙago shi ta rasu tun 1973, 'yan wasan farko duk sun kau, marubuta sun zo sun wuce, amma labarin bai zo ƙarshe ba sai a wannan rana. Da wuya manazarcin adabi ya ci karo da labari guda mai irin wannan tsawon rai.

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin irin wannan wasa tun daga asalinsa a rediyo, da komawarsa talabijin, da ganiyarsa, har zuwa koma-bayan da ya samu. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa zubi da tsarin wasan sun samo asali daga abubuwa biyu, watau bukatar 'yan kasuwa ta sayar da kaya, da kuma yanayin aikin matan gida. Daga baya ne marubuta suka sarrafa shi ya ɗauki manyan jigogi. Da waɗancan abubuwa biyu suka sauya, sai ƙarfin wasan ya ragu.

2.0 Suna da Siffofi

Amurkawa suna kiran wannan wasa "soap opera". Kalma ta farko tana nufin sabulu, domin kamfanonin sabulu da garin wanki irin su Procter & Gamble da Colgate-Palmolive da Lever Brothers su ne suka riƙa ɗaukar nauyinsa. Kalma ta biyu kuwa sunan wani ƙasaitaccen wasan waƙe ne na Turai, wanda manyan mutane suke zuwa kallo. Haɗa kalmomin biyu ba'a ce, kamar a ɗaura wa jaki sirdin sarki. Sunan ya bazu a jaridu wajen ƙarshen shekarun 1930, ya kuma zauna. A cikin wannan takarda za a riƙa kiransa "wasan sabulu".

Akwai siffofi huɗu da suka bambanta wasan sabulu na rana da sauran wasanni. Na farko, ana watsa shi da rana, daga Litinin zuwa Jumma'a, duk tsawon shekara, watau kashi kimanin 260 a shekara. Na biyu, ba a tsara masa ƙarshe. Muddin akwai masu kallo da masu talla, labari zai ci gaba. Na uku, ba tauraro ɗaya gare shi ba, jama'a ce guda, galibi iyalai biyu ko uku a wani ƙirƙirarren gari. Na huɗu, zance ya fi aiki yawa a cikinsa: abin da ya auku a minti ɗaya sai a yi mako ana tattauna shi daga wannan ɗaki zuwa wancan.

3.0 Asali a Rediyo

Ruwa ba ya tsami banza. A shekarar 1930 kimanin kashi 40 cikin 100 na gidajen Amurka ne suke da akwatin rediyo, amma zuwa 1940 adadin ya haura kashi 80. A farkon wannan lokaci shirye-shiryen dare su ne suke samun masu talla, domin ana ganin da rana maza suna wurin aiki, mata kuma aikin gida ba zai bar su su saurara ba. Sai dai kamfanonin kayan masarufi sun lura cewa matar gida ita ce mai yanke shawarar sabulun da za a saya da garin da za a tuƙa. Karyewar tattalin arziki da ta fara a 1929 ta ƙara matsa musu su nemi hanyar isa gare ta da araha. Haka kuma shirin dare mai suna Amos 'n' Andy, wanda aka fara a 1928, ya riga ya tabbatar cewa mutane za su riƙa komowa kullum domin jin ci gaban labari.

A wannan yanayi ne wata malamar makaranta mai suna Irna Phillips, wadda aka haifa a Shikago a 1901, ta sami aiki a tashar WGN ta wannan birni. A ranar 20 ga Oktoba, 1930, aka fara watsa wasanta mai suna Painted Dreams, wanda mafi yawan masana suke ɗauka shi ne wasan sabulu na farko. Labari ne na wata dattijuwa da mijinta ya rasu, Mother Moynihan, da 'yarta, da wata budurwa mai haya a gidansu. Phillips da kanta take fitowa a matsayin dattijuwar. Da wasan ya karɓu sai gardama ta tashi tsakaninta da tashar a kan wane ne mai shi. Ta bar tashar a 1932, ta kai ƙara, bayan shekaru ana shari'a kotu ta ba tashar gaskiya. Daga nan ta ɗauki darasi, ta riƙa riƙe mallakar wasannin da ta ƙaga a hannunta. A 1932 ɗin ne kuma wasan Clara, Lu, 'n Em ya koma rana a gamayyar tashoshin NBC, ya zama na farko da aka riƙa ji da rana a faɗin ƙasar.

Hanya ta biyu ita ce ta Frank Hummert da Anne Hummert, waɗanda suke aiki a wani kamfanin talla a Shikago, daga baya kuma suka yi aure. Su sun mai da rubutun wasa kamar aikin masana'anta. Sukan tsara ƙashin bayan labari, sa'an nan su miƙa wa marubutan haya su cika shi da zance. Ta haka suka fitar da wasanni da dama, ciki har da Just Plain Bill a 1932, da The Romance of Helen Trent da Ma Perkins a 1933, da Our Gal Sunday a 1937. Ma Perkins shi ne ya ƙulla zumunci tsakanin wannan wasa da Procter & Gamble, domin da shi aka riƙa tallar garin wanki na Oxydol. Don a auna yawan masu sauraro, sai a yi shela cewa duk wadda ta aiko da murfin kwali da 'yan kuɗi kaɗan za a aika mata da wata 'yar kyauta, kamar irin furanni. Yawan wasiƙun da suka iso shi ne ma'auni. Zuwa 1940 wasannin da ake watsawa kowace ranar aiki sun haura 60, kowanne na minti 15.

A nan ne aka kafa dokokin zubin wasan. Tun da mai sauraro tana wanki ko girki, tana shiga tana fita, dole labari ya tafi a hankali, a yi ta maimaita abin da ya wuce, 'yan wasa su yi ta kiran juna da suna. Tun da kuma ana so ta komo gobe, dole a yanke labari a daidai inda ya ɗauki zafi, a kuma ajiye ƙulli mafi tsauri sai ranar Jumma'a. Irna Phillips ce aka fi danganta wa wannan dabara, da amfani da kiɗan ogan wajen raba fitowa da fitowa, da kuma sa likitoci da lauyoyi da malaman coci su zama taurari, saboda su ne mutanen da kowa yake kai wa damuwarsa.

4.0 Suka da Nazari

Tun da wuri wasan sabulu ya sha suka. A 1942 wani likitan ƙwaƙwalwa a New York, Louis Berg, ya yi iƙirarin cewa sauraron waɗannan wasanni yana haddasa faɗuwar gaba da hawan jini da tashin hankali ga mata. Daga baya ta bayyana cewa jikinsa ne ya auna yana sauraro, ba na matan ba. A 1948 kuma marubucin nan James Thurber ya yi jerin maƙaloli na zambo a kan wasan a mujallar The New Yorker. Wani ɓangare na sukar yana da hujja, domin wasu labaran ba su da komai sai hawaye da ciwon mantuwa da sharrin makirai. Amma wani ɓangaren raini ne kawai ga duk abin da aka yi domin mata.

Wadda ta fara tambayar matan da kansu ita ce Herta Herzog, a cikin nazarce-nazarcen da ta buga a 1941 da 1944. Ta gano cewa masu sauraro suna samun abubuwa uku: sauke nauyin zuciya ta hanyar kuka da baƙin cikin wani, da mafarkin rayuwar da ba su samu ba, da kuma shawara a kan yadda za a zauna da miji ko a tarbiyyantar da yaro. Wannan aiki nata yana cikin tubalan farko na nazarin abin da jama'a suke yi da kafofin watsa labarai, maimakon abin da kafofin suke yi musu.

5.0 Komawa Talabijin

A 1950 kimanin kashi 9 cikin 100 na gidajen Amurka ne suke da talabijin. Zuwa 1960 sun kai kimanin kashi 87. Da farko masu talla sun yi shakka, domin rediyo kunne kaɗai yake bukata, talabijin kuwa sai an zauna. Kuɗin shiri ma ya ninka, tun da yanzu sai an gina ɗakuna, an ɗinka tufafi, 'yan wasa kuma sun haddace zance maimakon karantawa daga takarda. Gwaje-gwajen farko ba su yi armashi ba. Faraway Hill na tashar DuMont a 1946 da dare aka nuna shi, bai kuma wuce 'yan watanni ba. These Are My Children na Irna Phillips, wanda NBC ta fara ranar 31 ga Janairu, 1949, ko wata biyu bai cika ba. The First Hundred Years na Procter & Gamble, wanda aka fara a Disamba 1950, ya tsaya a 1952.

Nasara ta fara ne a Satumba 1951, sa'ad da CBS ta fito da Search for Tomorrow da Love of Life. Na farkon ya kai har 1986, 'yar wasa ɗaya kuma, Mary Stuart, ita ta riƙe matsayin babbar tauraruwa duk tsawon shekaru 35 ɗin. A ranar 30 ga Yuni, 1952, Guiding Light ya shiga talabijin, aka ci gaba da yin sa a kafofin biyu har 1956. Rediyo kuwa ya yi ta ja da baya, har ranar 25 ga Nuwamba, 1960, da CBS ta rufe ragowar wasannin sabulunta na rediyo, ciki har da Ma Perkins, bayan kashi 7,065.

Babban sauyi ya zo ranar 2 ga Afrilu, 1956, da aka fara As the World Turns da The Edge of Night, kowanne na minti 30. Phillips, wadda ta ƙago na farkon, ba ta yi amfani da ƙarin lokacin wajen ƙara yawan abubuwan da ke aukuwa ba. Abin da ta yi shi ne ta ƙara yawan mutane, ta rage saurin labari, ta sa kyamara ta matso kusa da fuska, har mai kallo ya riƙa karanta abin da ke zuciyar ɗan wasa ko da bai ce uffan ba. Wannan shi ne abin da talabijin ya ƙara wa wasan wanda rediyo ba shi da shi. As the World Turns ya riƙe matsayi na ɗaya a yawan masu kallo daga 1958 zuwa 1978. Kai tsaye ake yin sa har 1975. Shi ne ma ake nunawa ranar 22 ga Nuwamba, 1963, sa'ad da Walter Cronkite ya katse shiri ya ba da labarin harbin Shugaba John F. Kennedy, alhali 'yan wasa suna can suna ci gaba da aikinsu ba su san abin da ake ciki ba.

Ganin ribar da CBS take samu, sauran gidajen biyu suka shigo da ƙarfi. A ranar 1 ga Afrilu, 1963, ABC ta fara General Hospital, NBC kuma ta fara The Doctors, dukansu labaran asibiti. Another World ya biyo baya a 1964, Days of Our Lives a 1965. A 1966 ABC ta fito da Dark Shadows, wanda daga baya aka shigar da wani maye mai shan jini a cikinsa, ya jawo 'yan makaranta suna rige-rigen komawa gida. Zuwa 1970 wasanni 19 ake nunawa a gidajen uku.

6.0 Yadda Ake Shirya Wasan

Fitar da kashi ɗaya kowace rana ba aikin mutum ɗaya ba ne, ko da yake Phillips ta daɗe tana yin nata ta hanyar shifta, tana kai da komo a ɗaki tana kwaikwayon muryar kowane ɗan wasa, sakatariya tana rubutawa. Tsarin da ya zauna daga baya hawa uku ne. Babban marubuci yakan tsara inda labari zai dosa na watanni masu zuwa. Wasu marubutan su rarraba wannan zuwa kwanaki da fitowa-fitowa, suna lura da wuraren da talla za ta shigo. Wasu kuma su rubuta zancen. Kafin a ɗauka, sai kamfani mai wasan da gidan talabijin sun duba sun amince.

Rashin ƙarshe ya haifar da wasu al'adu da baƙo zai yi mamakinsu. Idan ɗan wasa ya bar aiki, sai a kawo wani, mai shela ya sanar cewa daga yau wane ne zai riƙa fitowa a matsayin wane. Yaron da aka haifa bara sai a tura shi makarantar kwana, bayan 'yan shekaru ya komo saurayi, domin jariri ba ya ƙulla labari. Wanda aka ce ya mutu a haɗari, muddin ba a ga gawarsa ba, yana iya dawowa. Aure kuwa, wanda a yawancin labarai shi ne rufewa, a nan mafarin sabuwar rigima ne. Duk da haka akwai wani ƙarfi da babu wasan da ya kai wannan: mai kallo da ɗan wasa tare suke tsufa. Helen Wagner ta fito a matsayin Nancy Hughes a kashin farko na As the World Turns a 1956, ta kuma riƙe matsayin har rasuwarta a 2010. Wanda ya shekara 30 yana kallo, idan mutum biyu suka haɗu a ƙofa suka yi shiru, ya san tarihin da ke cikin shirun.

7.0 Faɗaɗar Jigo

Wadda ta fi kowa faɗaɗa jigon wasan ita ce Agnes Nixon, ɗalibar Irna Phillips. A 1962, tana rubuta Guiding Light, ta sa aka gano cewa wata tauraruwa da ake ƙauna, Bert Bauer, tana da sankarar mahaifa, aka kuma cece ta saboda an yi gwaji da wuri. Masu wasan sun amince ne bisa sharaɗin kada a ambaci sunan cutar ko na gaɓar ko na gwajin. Duk da wannan takunkumi saƙon ya isa ga mata masu yawa. A 1964 Another World ya kawo labarin budurwar da ta zubar da ciki, a lokacin da doka ta haramta hakan.

A 1968 Nixon ta ƙago One Life to Live, ta cika shi da iyalai masu bambancin launi da addini da arziki. A ciki ne Ellen Holly ta fito a matsayin Carla Gray, baƙar mace mai hasken fata wadda take ɓoye asalinta tana rayuwa a matsayin farar fata. An bar masu kallo na tsawon watanni ba su san gaskiya ba, domin su auna kansu da kansu ranar da ta bayyana. A 1970 ta fito da All My Children, inda aka taɓo yaƙin Biyetnam ana tsakiyar yin sa. Mary Fickett ta sami lambar Emmy a 1973 bayan ta fito a matsayin uwa mai adawa da yaƙin. A 1973 ɗin ne kuma Erica Kane, wadda Susan Lucci take fitowa a matsayinta, ta zubar da ciki bisa doka. A 1995 General Hospital ya bi wani saurayi mai cutar ƙanjamau tun daga gano ciwon har zuwa mutuwarsa. Dalilin da ya sa irin waɗannan labarai suke ratsa zuciya shi ne suna faɗa wa mutanen da mai kallo ya daɗe da sani, kuma ana bin su a hankali kamar yadda jinya take tafiya a zahiri.

8.0 Ganiya

Shekarun 1970 da farkon 1980 su ne ganiyar wasan. William J. Bell, wani ɗalibin Phillips, tare da matarsa Lee Phillip Bell, sun ƙago The Young and the Restless a 1973, suka mai da hankali ga matasa da ado da soyayya. A Janairu 1975 Another World ya koma awa guda, sauran suka bi sahu, domin awa ɗaya ta wasa guda ta fi wasanni biyu na rabin awa arahar shiryawa. A 1974 aka fara bikin ba da lambar Emmy na shirye-shiryen rana daban, a 1975 aka kafa mujallar Soap Opera Digest, a Janairu 1976 kuma mujallar Time ta sa wasan a bangonta. A wannan zamani ribar shirye-shiryen rana ita take tallafa wa na dare masu tsada.

A 1978 aka ba Gloria Monty ragamar General Hospital, wanda yake dab da rufewa. Ta gajarta fitowa, ta ƙara sauri, ta shigo da labaran 'yan daba da leƙen asiri, ta kuma gina wasan a kan masoya biyu, Luke da Laura. Ɗaurin aurensu a ranakun 16 da 17 ga Nuwamba, 1981, ya sami masu kallo kimanin miliyan 30, adadin da babu wasan sabulun rana da ya taɓa samu a Amurka. Sai dai akwai tabo a wannan nasara, domin a 1979 an nuna Luke ya yi wa Laura fyaɗe, sa'an nan aka juya abin ya zama soyayya saboda masu kallo sun so su. Sai a 1998 wasan ya komo ya kira laifin da sunansa. Wannan ya nuna cewa kunnen da wasan yake ba kasuwa, wanda shi ne ƙarfinsa, yana iya zama rauninsa.

9.0 Koma-baya

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A 1950 kimanin kashi 34 cikin 100 na matan Amurka ne suke aikin albashi ko neman sa. Zuwa 1999 sun kai kashi 60. Matar gidan da aka gina wasan dominta ta ragu, 'yar da takan koyi kallo a gefen uwarta ita ma ta ragu. Tashoshin waya da na tauraron ɗan'adam sun rarraba masu kallo. A 1995 shari'ar O. J. Simpson, wadda aka yi watanni ana nunawa kai tsaye da rana, ta katse wa mutane da yawa al'adar kallon kullum, wasu kuma ba su komo ba. Bugu da ƙari, masu talla matan da ke tsakanin shekara 18 da 49 suke nema, alhali amintattun masu kallo sun manyanta. Shirin hira ko na gasa kuwa bai kai wasa tsada ba.

Another World ya tsaya a 1999, Guiding Light a 2009, As the World Turns a 2010, All My Children a 2011, One Life to Live a Janairu 2012. Da shirye-shiryen gasa da hira da girki aka maye gurbin na ƙarshen huɗu. Ƙoƙarin farfaɗo da biyu daga cikinsu ta intanet a 2013 bai ɗore ba. Wasanni huɗu suka rage, watau General Hospital, da Days of Our Lives, da The Young and the Restless, da The Bold and the Beautiful wanda aka fara a 1987. A Satumba 2022 Days of Our Lives ya bar NBC ya koma kafar Peacock ta intanet. Amma a ranar 24 ga Fabrairu, 2025, CBS ta fara Beyond the Gates, wanda Michele Val Jean ta ƙaga, labarin wani attajirin iyali na baƙar fata. Shi ne sabon wasan sabulun rana na farko a manyan gidajen tun 1999, kuma Procter & Gamble yana cikin masu hannu a ciki.

10.0 Dangoginsa a Wasu Ƙasashe

Ya kamata a bambanta wannan wasa da danginsa. A Ingila, Coronation Street da aka fara a 1960 da EastEnders na 1985 ba su da ƙarshe, amma da yamma ake nuna su, kuma rayuwar talakawa suka fi bi. A ƙasashen Latin Amurka, inda kamfanonin sabulu suka ɗauki nauyin wasannin rediyo musamman a Kyuba, abin ya rikiɗa ya zama "telenovela", wadda ake tsara wa ƙarshe bayan 'yan watanni. A Nijeriya an yi The Village Headmaster a Legas daga 1968, da Cock Crow at Dawn da aka shirya a Jos daga 1980 domin ƙarfafa noma, da Checkmate na Amaka Igwe daga 1991, wanda kamfanin Lever Brothers ya ɗauki nauyinsa, watau sabulu ya sake biyo wasa har nan. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ma, da ƙirƙirarren garinsa da iyalansa masu cuɗanya, ɗan wannan dangi ne, ko da yake mako-mako aka tsara nuna shi.

11.0 Kammalawa

An ga yadda wasan sabulu ya tashi daga bukatar sayar da garin wanki, yadda aikin matar gida ya tsara masa tafiya, yadda Irna Phillips da ɗalibanta suka mai da shi fagen tattauna ciwo da launin fata da yaƙi, da yadda ya raunana da zaman gida ya sauya. Dabarunsa kuwa ba su mutu ba, domin labari mai rassa da yawa wanda ake yankewa a kan ƙulli ya shiga shirye-shiryen dare tun daga Dallas a 1978, har ya zama ruwan dare.

Saura magana ɗaya da ta shafi manazarta. Saboda rainin da aka yi wa wannan wasa, mafi yawan abin da aka watsa kafin ƙarshen shekarun 1970 ya salwanta: wanda aka yi kai tsaye ya bi iska, wanda aka ɗauka kuma an shafe faifansa an ɗora wani a kai don tsimin kuɗi. Wanda yake son nazarin shekarun farko na As the World Turns ko All My Children, 'yan gutsattsari kawai zai samu. Wannan ya faru ne a ƙasa mai dukiya da kayan aiki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wajibi ne jami'o'inmu da gidajen rediyo da talabijin su haɗa kai wajen tattara faya-fayan wasannin kwaikwayonmu da rubutunsu, su kuma ɗauki bayanin tsofaffin 'yan wasa da marubuta tun suna raye.